Daren Juma'ar Baba Obadiya

A duk kudancin Jigawa babu wanda ya san Hausawa kamar Baba Obadiya, har da su Hausawan. Ya daɗe yana sayar musu da magani a shagonsa na Birnin Kudu, ya san ciwon kowane gida, kuma yakan ce in Bahaushe ya buɗe baki, shi ya riga ya ji ƙarshen zancen. Saboda haka da labari ya zo cewa za a naɗa Wonder, ɗan Edith ta Gwaram, ya zama Fada, wato limamin coci, a babban cocin Kano, ba a yi mahawara kan wanda zai shirya tafiyar ba. Shi ma bai jira a yi ba.

Edith ta zo Gwaram daga Filato tana amarya. Mijin ya mutu, ita ta zauna tana sayar da manja da busasshen kifi, har ciwon suga ya kumbura mata ƙafafu. Abu ɗaya ya rage mata a duniya da take jira. Ranar naɗi, in aka kira sunan yaro, uwarsa ce take kama hannunsa ta taka da shi zuwa gaban bagadi, ta miƙa shi. Ba a maimaitawa. Tun da aka sa rana take gwada tafiyar a tsakar gidanta, daga rijiya zuwa ƙofar ɗaki, ba tare da sanda ba.

Ranar Lahadi bayan ibada Baba Obadiya ya tsayar da jama'a a ɗan cocinsu na Birnin Kudu, ya yi bayani da Turanci, domin a coci Turanci yake yi, Hausa kuwa ta shago ce da tasha. Ya ce cocin Kano ba irin wannan akurkin ba ne. Za a zo daga Jos, za a zo daga Kudu, kujeru za su ƙare tun kafin a buɗe ƙofa. Ga shi kuma Asabar ɗin ta faɗo ranar tsaftar muhalli, ba mota mai shiga gari da safe sai hantsi ya dubi ludayi ya wuce. Don haka ranar Juma'a da yamma za a tashi, a kwana a harabar cocin. Ya riga ya ɗauki bas.

Edith ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Baba, da ni na yi gaba tun Laraba. Ina da 'yar ƙanwa a Sabon Gari."

"Maman Fada ta shiga Kano a motar haya, tsakanin buhun albasa da akuya?" Ya juya ya dubi jama'a, suka yi dariyar da yake nema. "Da ayari za ki shiga, Mama, da waƙa."

"Wane direba ka ɗauka?" in ji Juliet, shugabar mawaƙa. "Kar dai irin na bikin bara, da muka tura shi har Fagam."

"Salihu. Ni nake ba uwarsa maganin hawan jini. Kalma biyu na gaya masa, ya ce an gama."

Edith ta sauke hannunta. 'Yan cocin ba su fi cikin bas ɗaya ba in an matsa. Su ne suka haƙa kabarin mijinta, su ne za su haƙa nata, kuma Baba Obadiya ne yake karatu a bakin kabari.

Ranar Juma'a ta hau babur daga gida zuwa tasha, ta shiga mota zuwa Birnin Kudu, sanye da ankon da aka buga fuskar ɗanta a jiki. Fuskar ta fito da faɗi kaɗan, amma shi ne. Mata sun zo da kuloli na shinkafa, maza da tabarmi. Aka ba ta benci a inuwa kusa da ƙofa. Mawaƙa suka gwada waƙar shiga gari, suka sake gwadawa. La'asar ta wuce. Aka kira magariba a masallacin bayan layi, titi ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan ya sake cika da motocin da ba nasu ba.

Baba Obadiya ya zo ƙarshen bencinta ya zauna, ya juya wa jama'a baya ya kira waya. Wayarsa irin mai ƙarar nan ce, Edith tana jin komai.

"Salihu, kana ina? Mutane sun taru."

"Baba, ni ai ina hanyar Potiskum da kaya. Lafiya dai? Jiya na zo ƙofar cocinku tun magariba, na tarar a kulle. Sauro ya gama da ni. Na kira ka, na sake kira, yau da safe ma na kira."

Edith ta tuna yadda ɗazu Baba Obadiya ya nuna wa maza kiran da ya ƙi ɗauka, yana cewa haka direbobi suke, in sun ga tafiya ta matso sai su nemi ƙari.

"Jiya Alhamis!"

"Eh, Baba. Ba daren Juma'a ka ce ba? Na ɗauka ko an fasa ne. Wallahi ka yi haƙuri, da ka ɗauki waya..."

Baba Obadiya ya kashe wayar. Nan take Edith ta gane. Shekarunta nawa tana jin maƙwabtanta a Gwaram suna cewa daren Juma'a alhali ita a lissafinta Alhamis ce ba ta ƙare ba. A nan da rana ta faɗi, daren na gobe ne. Daren da suke zaune a ciki yanzu, da kuloli da tabarmi, daren Asabar ne. Ba wanda ya yi ƙarya. Mutum biyu sun yi sallama a tasha, kowa ya tafi da nasa daren.

Baba Obadiya ya miƙe, ya gyara hula.

"'Yan'uwa, direba ya yaudare mu. Ya sami wanda ya fi mu biya."

Aka yi ta tsaki, aka yi ta Allah ya isa. Juliet ta ce dama ta faɗa. Wani ya ruga tasha ya dawo da labarin akwai ƙaramar mota guda da saura mutum ɗaya ta tashi zuwa Kano.

"To a sa Mama ta yi gaba mana," in ji Juliet. "Mu ko a titi muka tsaya ai ba ɗanmu za a kira ba."

"Ita kaɗai, da wannan ƙafar, a hannun mutanen da suka gama cin amanarmu yanzu?" Ya girgiza kai. "Ayari ba ya rabuwa. Na yi magana da wani, da asuba zai zo. Wannan na san ubansa."

Edith ta buɗe baki, ta ga idanun jama'a duk sun koma kansa da godiya, ta rufe.

Wanda aka san ubansa ya zo bayan rana ta fito. A bakin Kano suka tarar da igiya a gicciye da layin motoci, masu shara suna ta aikinsu ba gaggawa. Mawaƙa suka yi waƙar shiga gari a tsaye wuri ɗaya, har ta ƙare musu. Da aka buɗe hanya kowa ya afka lokaci guda. Bas ɗin ya sauke su nesa da coci, domin titin kansa ya zama coci: laima, anko iri-iri, masu ruwan leda, mata a durƙushe kan kwalta. Baba Obadiya ya kutsa yana ihu a ba Maman Fada hanya. Ranar kuwa samari da yawa ake naɗawa, kowace kusurwa da wanda yake ihun haka.

Edith ta yi iyakar tafiyar da ƙafar ta yarda, sannan ta zauna a dakalin wani shagon taya da ke rufe. Daga nan tana hango saman hasumiyar da lasifikar da aka ɗaura a jikin falwaya. Ta ji ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, bayan kowanne sai guɗa. Aka kira Wonder. Shiru ya biyo baya, ɗan gajere, wanda ba wanda ya lura da shi a titin sai ita. Aka sake kira. Sannan guɗar ta tashi, aka wuce zuwa na gaba.

Sai da la'asar, da jama'a ta yi sauƙi, Wonder ya same ta. Ya zo cikin fararen kaya, man naɗi yana ƙamshi a hannunsa, ya durƙusa a gabanta kan ƙasa. Ya ce wata Sista, ma'aikaciyar coci, ce ta kama hannunsa da aka gaji da waige. Fushi ne a muryarsa, ba kuka ba.

"Mama, me ya faru? Wa ya yi miki haka?"

Baba Obadiya yana tsaye gefe, ya riga ya share murya. Edith ta san abin da zai fito: sunan Salihu, da ubansa, da dukan garinsu. Ta dubi ɗanta, wanda aka ce wata mai zuwa za a tura shi wani ƙauye a Jigawa ya zauna cikin mutanen su Salihu.

"Ni ce," ta ce. "Ƙafar ce ta tashi jiya. Sai da suka jira ni."

Wonder ya sunkuyar da kai kan gwiwarta. Baba Obadiya ya dafa kafaɗar sabon Fada.

"Mun yi iya ƙoƙarinmu da ita, Fada."

Edith ta gyaɗa kai. Ta sunkuya a hankali tana kwance maɗaurin takalminta, wanda ya nutse cikin naman ƙafar tun safe.