Shuɗin Hinnerk

Frauke ta tsoma rola cikin fenti, ta murza ta a bakin faranti, ta ɗaga doguwar sandar har kafaɗunta suka yi ƙara. Farin layi na farko ya ratsa shuɗin silin, ta ji kamar a fuskar mijinta ta goga shi.

Mijin nata, marigayi Hinnerk, shi ya shafa shuɗin nan da hannunsa, shekarar da suka tare a wannan ɗakin na saman bene a Flensburg. Silin ne mai tsayi, a tanƙware kamar an kifa kwalekwale. Cewa ya yi tunda rana ba ta son garin, shi zai yi musu nasu sararin sama. Yanzu gwiwoyinta sun ƙi bene, gobe za ta miƙa makulli, kuma kowa ya san ɗan haya ba ya fita sai ya mayar da gida fari fat yadda ya same shi. Ɗanta Malte ya yi alkawarin zuwa da sassafe ya yi aikin. Ta jira har kofinta ya huce, sannan ta buɗe bokitin da kanta.

Ba ta yi nisa ba waya ta ɗauki ƙara a kicin. Ta san kiɗan, na Malte ne.

"Yi ta kira, ɗan albarka," ta ce. "Yau mota ce ta lalace, ko yaran ne ke da ƙwallo?"

Ko da babu haushi ma ba za ta sauke sandar ba. Hinnerk ya koya mata cewa ba a tsayawa a tsakiyar silin, don in gefen ya bushe, tabon haɗin ba ya ɓacewa. "In kin fara, Frauke, ko gobara ake sai kin kai bango," haka yake faɗa. Wayar ta yi ta kuka har ta gaji, ita kuwa tana ta ja. Fenti na ɗiga mata a tabarau, wuyanta ya ƙage, hawaye na gangarawa cikin kunnuwanta saboda kanta a ɗage yake. Ba ta taɓa jin ta tsani farin abu irin na yau ba.

Da yamma, tana sauke sandar ke nan, ƙofa ta buɗe. Malte ne yana haki, bayansa wata matashiya mai tsohon ciki.

"Mama! Don me ba ki ɗauki waya ba?"

Sai ya ɗaga kai, ya ga silin ya koma fari.

"Sannu da aiki, Mama," in ji matashiyar a hankali. "Ni ce Levke, mu za mu shigo bayanku." Ita ma ta kalli sama. "Wayyo, ina shuɗin? Ai saboda shi muka kama gidan. Har roƙon mai gidan na yi kada a taɓa shi, ya kuma yarda."

Frauke ta juya ta dubi ɗanta.

"Mai gidan ya gaya mini," Malte ya ce, yana sosa ƙeya. "Tun makon jiya. Abubuwa ne suka yi mini yawa, sai da safen nan na tuna. Na kira ki, Mama, na yi ta kira!"

"Ka kira kam. Na ji ka."

Ta zauna a kan kwalin kwanuka. Ashe da sararin saman Hinnerk zai ci gaba da zama a kan wani jariri. Kuma sanda wayar ta fara ƙara, soso da ruwan ɗumi sun isa su wanke ɗan abin da ta shafa. 

"Ko kin tuna sunan kalar?" Levke ta tambaya. "Sai mu sa mai fenti ya mayar."

"Ba ta da suna, 'yata. Ragowar fentin gwangwanaye mijina ya haɗa."

"Ga shi can!" Malte ya nuna saman taga, inda sandar ba ta kai ba. Shuɗi ya rage kamar tafin hannu. Fuskarsa ta washe. "A kankare kaɗan a kai shago, inji zai haɗa irinsa sak. Kin gani, Mama? Babu abin da ya ɓaci."

Frauke ta daɗe tana kallonsa. Haka yake tun yana yaro, ya fasa abu, ya riga kowa yafe wa kansa. Ta miƙe, ta tsoma rolar, ta murza ta sosai, ta damƙa masa sandar.

"Ai aiki ka zo yi. Ka fi ni tsawo. Shafe shi."

"Haba Mama."

"Shafe shi, Malte."

Ta tsaya a bayansa, hannu a ƙugu, har sai da ya kai bango.