Ranar da Malama Ta Kulle Hotunan Yara

Malama na tsaye a ƙofar makarantarta ta rainon yara tana karɓar jakunkuna, sai ta lura da wata uwa da ta miƙa 'yarta amma ba ta juya ba. Yarinyar sabuwa ce, kuma saboda surutunta kowa Aku yake ce mata. Uwar ma'aikaciyar jinya ce, kullum a gurguje take, gaisuwa ma daga nesa take ɗago hannu. Yau ta jingina da bango tana juya waya.

"Maman Aku, lafiya dai?"

"Malama, magana nake so mu yi. Daga ciki."

Ofishin ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya da kujeru biyu, sai kwalin kayan wasan da suka karye. Maman Aku ta ƙi zama. Ta miƙa wayar. Shafin intanet na makarantar ne, ɓangaren hotuna. Ga Aku a tsakiyar aji da shuɗin fenti har goshi tana dariya, ga adireshin makarantar ɓaro-ɓaro a ƙasa.

"Ƙanwata ce ta gani ta turo min. Malama, ubanta bai san unguwar da muke ba. Kotu ce ta ba ni yarinyar, ta hana shi zuwa inda take. Ba sau ɗaya muka tashi daga gida saboda shi ba."

Malama ta ƙura wa wayar ido. Ita ta ɗauki hoton, ita ta ɗora shi, har tana jin daɗin yadda ya fito.

"Haba, me ya sa ba ki faɗa min tun farko ba?"

"Wa ke son a fara saninsa da irin wannan labarin?"

"Je ki wurin aiki. Kafin a tashi zan gyara."

Ta faɗa ne kawai, ba ta san ta ina za ta fara ba. Ƙaninta ne ya haɗa mata shafin da irin manhajar nan da ake jawo abu a ajiye inda ake so, ya koya mata ɗora hoto, ya yi tafiyarsa kwas na ƙaro ilimi. Ta kira shi, waya a kashe.

Ta buɗe kwamfuta ta goge hoton. Sai ga Aku a wani, a bayan masu lilo. Ga ta a layin wanke hannu, ga rabin fuskarta a gefen na waƙa. Yarinyar ba ta zama wuri ɗaya, babu inda ba ta shiga ba. Malama ta tashi, ta zauna, ta sake tashi. Iyaye nawa ne ke da irin wannan damuwar suka yi shiru? Gara a kulle ɓangaren gaba ɗaya.

Ta yi ta danne-danne. Wani wuri ya kai ta canza launi, wani ya nemi ta buɗe kanti. Ana cikin haka wani yaro ya fasa ihu an cije shi, ta fita ta raba faɗa, ta dawo ta tarar intanet ta ɗauke. Da intanet ɗin ta dawo da kyar, can cikin saitin ɓangaren hotunan ta ga inda aka tambayi wa zai iya gani: kowa, ko mai kalmar sirri kaɗai.

Ta rubuta sunan makarantar, ta goge. Wannan ko jariri ya canka. Idonta ya faɗa kan kwalin kayan wasa, ta haɗa sunan raƙumin dawa mai ƙafa uku da wasu lambobi, ta adana.

Ta ƙwala wa Anti kira, malamar ƙaramin aji. "Duba min a wayarki."

Anti ta duba. "Ga su nan duka, Malama. Kai, ji kumatun wannan!"

"Ba kumatu na ce ki duba ba! Bai tambaye ki komai ba?"

"Ko kaɗan."

Malama ta juya ga kwamfutar. Ta bi allon da ido lungu-lungu, sai a kusurwar sama ta ga maɓallin wallafawa yana jira. Ashe abin da ta yi bai fita waje ba tukuna. Ta danna. Anti ta sake gwadawa, wannan karon farin fili ne da ɗan akwati yana neman kalmar sirri. Amma shafin farko har yanzu yana juya hotuna, kuma na uku Aku ce. Malama ta cire su duka, ta fita ta ɗauki hoton lilon babu kowa a kai, ta ɗora.

Ta fara rubuta kalmar a zauren iyaye na waya, sai ta tsaya. Zauren cike yake da lambobin da ba ta sani ba, direbobi, kawunnai, har waɗanda yaransu suka gama tuni. Ta goge. Baki da baki za ta faɗa wa kowa a ƙofa.

Da aka tashi, tana faɗa wa iyaye kalmar a ƙofa, wani dattijo da ke zuwa ɗaukar jikansa ya riƙe baki. "Yanzu wannan ɓarawon alewar nawa sai da mukulli zan gan shi? Ku riƙe abinku, na gaji da ganinsa a gida ma."

Malama ta yi dariyar dole. Wayarta ce ke ruri a hannu, baƙuwar lamba. Muryar namiji, a natse, da gaisuwa mai kyau. Ya ce yana son kalmar sirrin hotunan, 'yarsa na makarantar.

"Wace yarinya?"

Ya faɗi ainihin sunan Aku.

"Malam, ba ma ba da bayanin kowane yaro ta waya," ta ce, ta kashe. Nan take ta kira Maman Aku. Ta sa Anti ta riƙe yarinyar a ofis, ta ce wa mai gadi ya rufe ƙofa. Uwar ta iso da kayan aiki a jikinta, suka fita ta ƙofar baya.

Aku ba ta sake dawowa ba. Mutumin ya zo cikin makon, mai gadi ya tsare shi a waje, Malama ta kira 'yan sanda, ya tafi kafin su iso. Ta daɗe duk motar da ta tsaya a layin sai ta leƙa ta taga.

Zango na gaba ya yi nisa, tana cikin raba wa yara takardun zane, Maman Aku ta kira. Sun koma wani gari, suna lafiya.

"Malama, ki yi haƙuri, kalmar nan ta ƙi buɗewa. Aku ta dame ni sai ta ga ƙawayenta."

"Na canza ta ne. Ke kaɗai ce a wurin?"

"Ni da ita."

Malama ta shiga ofis, ta turo ƙofa, ta faɗa mata harafi-harafi.