Kwalbar da Ta Fashe a Ɗakin Gwaji

Tas! Kwalbar ta kuɓuce daga hannunta ta tarwatse a ƙasa. Kafin 'yan aji su waiwayo, Yi-Haƙuri ta riga ta durƙusa tana tsintar gilasan da hannu, tana cusawa a aljihun farar rigarta.

Ƙawayenta ne suka laƙaba mata sunan tun shekararsu ta farko a jami'a, don ko ƙofa ce ta buge ta sai ta ba ƙofar haƙuri. Su dariya suke yi, ita ma takan taya su. Ina suka san cewa a gidan kawunta, inda ta tashi, fasa kofi ɗaya ya isa a zane ta da wayar wuta? Tun tana 'yar shekara bakwai ta koyi ɓoye ɓarna kafin a gani, sannan ta sulale.

Yanzu ma ƙofa take kallo. Sai dai sau biyu ke nan tana gudun aikin gwaji a zangon nan, kuma malami ya faɗa mata ƙiri-ƙiri: in ta ƙara, sai maimaita shekara.

Dattijon da ke kula da ɗakin gwajin ya taho yana jan ƙafa. Yana isowa kanta ya ɗaga hannu. Ta dunƙule, ta kare kai da hannu biyu, ta runtse ido.

Shiru, ba abin da ya sauka. Da ta buɗe ido, ashe tsintsiya yake ɗaukowa daga saman kabad. Kunya ta kama ta kamar ta nutse.

“Ku kuma kallon me kuke yi? Kowa ya koma kan aikinsa!” in ji dattijon. Ya durƙusa a gabanta da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. “'Yata, mu ga hannun.”

“Baba, don Allah ka yi haƙuri, wallahi ban...”

“Hannun na ce. Kwalba kuwa ga su can kwali guda. Shekaranjiya malaminku da kansa ya fasa biyu, ya ce wai teburin ne ya karkace.”

Dariya ta ƙwace mata, kuka ya biyo baya. Shekararta ashirin da ɗaya a duniya, ba wanda ya taɓa duba hannunta kafin ya duba abin da ta fasa. Ya wanke mata inda gilas ya yanke ta, ya manna filasta, ya sa ta zazzage aljihun a kwandon shara. Bai tambaye ta komai ba, ta kuwa ji daɗin hakan har cikin ranta.

“Saura minti arba'in a tashi,” ya ce, yana miƙo mata sabuwar kwalba.

Ta dubi kwalbar. “Baba, in wannan ma ta fashe fa?”

“Sai ki ƙwala mini kira, in zo in share.”

Ta karɓa da hannu biyu, ta koma teburinta.