Kujerar da Yaya Ya Matsar

Ranar da za mu kai Baba aikin ido a babban asibiti, ni na ɗauki jakar magani da sandarsa da bargonsa. Yaya, babban wanmu, ya ɗauki tabarmarsa ta yoga, wata doguwar roba mai ruwan toka, ya rataya ta a kafaɗa kamar bindigar maharbi. Tun da ya kama wannan lanƙwashe-lanƙwashe da jan numfashi ba wanda ya huta a gidanmu. Ka ce masa kanka na ciwo, ya ce ai ba ka iya numfashi ba ne. Mutum ya yi furfura yana shaƙar iskar Allah, sai yanzu Yaya ya gano masa bai iya ba.

Abin taƙamarsa shi ne bai taɓa tsallake rana ba, yana gida ko yana hanya. A tasha ya yi. Da direba ya tsaya shan mai ya sake yi a gefen titi, ƙafa ɗaya a sama, fasinjoji na leƙe ta taga suna danne dariya. Ni dai na kau da kai, na nuna ban san shi ba.

Idon Baba na hagu ya daɗe da mutuwa. Na daman ne kaɗai ya rage, shi ma yana nema ya rufe. Aka yi aiki lafiya. Likitar, wata mata marar wasa, ta ɗaure idon da bandeji ta ja mana kunne: kada ya sunkuya, kada ya ɗaga abu mai nauyi, kuma ko da wasa kada ya faɗi ko ya bugu har wurin ya kama. Yaya na ta gyaɗa kai, idonsa na kan waya.

Muka kama ɗaki biyu a wani masauki kusa da asibitin, ni a ƙaramin, su biyu a mai gadaje biyu. Baba tsohon kafinta ne, kuma mutum ne da ya gwammace komai da a riƙe masa hannu zuwa banɗaki. Sai ya sa na zagaya da shi ɗakin yana lalube. Daga gado hannunsa ya sami teburi, daga teburi ya sami bayan kujera, daga kujera ya sami ƙofar banɗaki. Ya yi ta maimaitawa har tafin hannunsa ya haddace hanyar, ya yi murmushi ya ce yanzu ya fi mu sanin ɗakin. Na roƙi Yaya kada a taɓa komai. Ya ce ya ji, ai shi ba yaro ba ne.

Sai dai ɗakin matsattse ne, tabarmar ba ta shimfiɗuwa. Akwai farfajiya, ya ce janareta ya cika ƙara. Akwai baranda, ya ce hasken wurin ba ya yi wa hoto kyau, don kullum sai ya ɗauki kansa ya tura wa abokan lanƙwasarsa su yaba.

Washegari da safe ina ɗaura ɗankwali na ji wani tim ta bango. Ban san lokacin da na isa ɗakinsu ba. Baba na kwance a ƙasa, fuskarsa ta daki gefen ƙofar banɗaki, hannunsa a miƙe yana neman kujerar da ba ta nan. Kujerar na can kan gadon Yaya, ƙafafu sama. Shi kuwa gogan yana kan tabarma, kai ƙasa, ɗuwawu sama, ya toshe kunnuwa da abin sauraro, waya a jingine tana ɗauka. Bai san abin da ake ciki ba sai da na shuri tabarmar.

Ya miƙe yana cewa ɗan matsar da ita kawai ya yi, niyyarsa ya mayar da ya gama. Sannan ya durƙusa kusa da Baba ya ce ya ja numfashi a hankali, ya saki jiki.

"Yaya," na ce, "in ka sake ambaton numfashi, wallahi zan manta kai ne babba."

A mota Baba bai yi ƙorafi ba. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne ko yayana ya samu ya ƙarasa abin nasa, don kada a ce shi ya sa ya tsallake rana.

Da likita ta kwance bandejin ta duba idon. Sannan ta tambayi yadda aka yi. Na buɗe baki, Baba ya damƙe wuyan hannuna.

"Ni ne, likita. Na tashi ban ɗauki sanda ba. Rigimar tsufa ce."

Na juya na dubi Yaya. Yana tsaye jikin labule, ƙato da shi, ya harɗe hannuwa, yana jan numfashinsa a hankali yadda ya iya. Na jira ya ce ba haka ba ne. Likita ta yi wa tsohon faɗa kamar ta ari baki, ta ce an gaya masa bai ji ba, Yaya na saurare, har da ɗan gyaɗa kai. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a lokacin ba, kuma ɗan uwana ne, ciki ɗaya.

Likita ta ɗauko 'yar tocilarta, ta ɗaga fatar idon Baba, ta haska masa kai tsaye. Ta ce ya gaya mata abin da yake gani.

Baba ya ɗaga kai yana jira. Ya ƙara jira.

"To, likita," ya ce, "kunna, na shirya."