Taku Tara Zuwa Kogin Melka

A kwarin Melka ba ruwan sama ake tsoro ba, rana ake tsoro. In ta ƙwalle kwana biyu a jere, ƙanƙarar da ke kwance bisa tsauni sai ta fara zufa, kafin la'asar kogi ya kumbura, fari kamar kokon da aka cika wa ruwa, yana niƙa duwatsu a cikinsa. Kuma ba shi da hanya guda: bana nan, baɗi can.

Shekara uku ke nan da ya karkato wajen tsohuwar maƙabartar mahaƙan tagulla. Eilif Rognmo, tsohon ma'aikacin titi, shi ke awo. Kullum da safe yakan taka daga gicciyen kabarin mahaifinsa zuwa bakin gaɓa. A watan Mayu taku goma sha tara ne. Farkon Yuli, tara.

Mahaifin, Sivert, ya yi shekara ashirin da shida yana fasa dutsen tagulla, ƙura ta cinye masa huhu, kamfani ya yi masa alheri da filin kwanciya kyauta. A wancan zamanin kamfanin na juye dagwalonsa a kogi ba tare da ya nemi izinin kowa ba, har ko tsutsa ba ta rayuwa a ciki. Da aka rufe ramin haƙar, kogi ya warke a hankali. Kifin salmon ya dawo daga teku yana zuba ƙwai a tsakuwa, gaggafa ta biyo kifi, masu kyamara suka biyo gaggafa.

Abu ɗaya Eilif ya roƙa: katafila, wuni guda, ta jibge duwatsu a gaɓa. Ofishin kifi ya ce ba a taɓa kogi sai 'ya'yan kifi sun bar tsakuwa, wato Agusta. Ya ce to a bar shi ya ɗauke tsohon ya kai gari. Coci ya ce filin na kamfani ne. Kamfani kuwa ya riga rabin ma'aikatansa mutuwa. Ofishin kayan tarihi ya ce wurin gadon ƙasa ne, ko cokali ba a tona shi da shi sai kwamiti ya zauna a Satumba. Dukkansu sun amsa cikin ladabi, har da yi masa fatan alheri.

Sai ya koma wa baro, yana turo duwatsu yana jibgewa a gaɓa. Ranar zafi ta uku, mai rediyo na ta taya arewacin ƙasar murnar samun rana, yayarsa Gunvor ta same shi a maƙabartar, da filas ɗin kofi da burodi da cuku.

"Injiniya, baro nawa yau?"

"Goma sha ɗaya, Yaya."

"Suna ina?"

"Suna hanyar teku."

Ta zauna a kan wani dutse, ta dubi tazarar da ta rage. Taku biyu, in an yi wa takun rangwame.

"Cire gicciyen," ta ce. "Ko shi mu tsira da shi."

"Laifi ne fa. Kayan tarihi."

"In sun zo kamu ka ce ni na sa ka. Shekarata saba'in da takwas, kuma an ce gidan yari ya fi ɗakina ɗumi."

Gicciyen na ƙarfe ne, abokan aikin Sivert suka ƙera shi a maƙerar kamfani, suka buga sunan da guduma, harafi ɗaya a karkace. Eilif ya rungume shi ya ja. Ya sa ƙarfen banƙara ya danna da dukan nauyinsa. Ko gezau.

Ya san dalili. Shekara arba'in da suka wuce wata ƙatuwar barewa ta sosa jikinta da gicciyen ta kayar da shi, Eilif kuma, da zafin ƙuruciya da simintin wurin aiki, ya dasa shi yadda ake dasa ƙafar gada. Har taƙama ya yi a lokacin, ya ce sai tashin duniya.

"Buhu nawa ka zuba?" Gunvor ta tambaya.

"Uku. Da rodi."

"Na ce maka ɗaya ya isa."

"Bari in je gida in ɗauko zarto."

Ta nuna masa ƙasa da sandarta. Wata siririyar tsaga ta ɓullo a cikin ciyawa, ta zagayo ta bayan kabarin, ta bayan dugadugansa. Ta kama shi ta ɗamara ta janyo shi baya, yadda take yi tun yana ɗan shekara huɗu.

Bayan ƙarfe huɗu kaɗan gaɓar ta tafi, ba da wata ƙara ba. Simintin ne ya fara nitsewa, ya ja gicciye, ya ja sauran. Ruwan bai nuna komai ba. Wanda ya tsoma hannunsa a Melka ba ya ganin yatsunsa.

"Gara haka," in ji Gunvor. Ta yi ta ƙoƙarin murɗe murfin filas, hannunta ya ƙi. "Baba ne fa, mutumin da ko wanka ba ya yi sai Mama ta dafa masa ruwa."

Eilif ya karɓa ya buɗe mata. Can sai ya je sabon bakin gaɓa, ya juya wa kogi baya, ya taka zuwa kabari na gaba, na wani mutumin Finland da ba a taɓa ganin danginsa ba.

"Huɗu," ya ce, ko da yake ba wanda ya tambaye shi.