Kofin da Mujitaba Ya Sha Ruwa da Shi

Har yau in na tuna Sagir sai na ce tir. Shekara tara mutum yana ɗibar jini a asibiti, amma kansa fanko.

Sunana Baturiya, aikina ba da shawara kan cutar ƙanjamau a wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada. Ranar kasuwa na fi samun mutane, don mai zuwa ya fake da cefane. Haka Mujitaba ya fara zuwa, wani masunci daga Tiga, da kwandon bandar kifi a kai. Sai a zuwa na uku ya buɗe baki. Ya ce yana shan ƙwaya don ya jure sanyin ruwa, in ta hau masa kai kuma yana kwanciya da wani abokinsa namiji, ba wata kariya. Ga mata a gida.

Ban yi masa wa'azi ba, ba shi ya kawo shi wurina ba. Na miƙa masa kwaroron roba, ya ture.

"Hajiya, ai na san na riga na ɗauka. Me ya rage da zan kare?"

"In gwaji ya nuna ba ka da ita fa?"

"To wallahi ranar zan fara bin duk abin da kika ce. Har ƙwayar zan rage."

Wata guda ina lallaɓa shi kafin ya yarda. Sagir ya huda masa yatsa a ɗakin gwaji, wanda katako kawai ya raba shi da nawa. Mujitaba ya dawo wurina jiran sakamako, na zuba masa ruwa a kofina ya sha.

Sai ga Sagir ya shigo, ya zura hannu a leda, ya ɗauki kofin da yatsa biyu kamar mushen ɓera, ya jefa a kwandon shara.

"Hajiya, irin waɗannan ba a haɗa kofi da su. Duk hirarku ina ji."

Mujitaba ya miƙe ya fita, ko kifinsa bai waiwaya ba. Na bi shi har titi, ya shige cikin 'yan kasuwa.

Da na dawo sakamako ya fito: ba ya ɗauke da cutar. Shi kuwa Sagir na same shi zaune ya buɗe kwandon mutumin, yana yagar tarwaɗa yana tsotse yatsu. Tir. Na ce, "Malam Sagir, kofinsa ne ƙazanta, kifinsa halal?" Ya yi dariya da mai a gemu. Sai da na fita na tofar da yawu.

Kasuwa biyu ta ci, Mujitaba bai zo ba. Na hau mota zuwa Tiga. Na same shi bakin ruwa cikin masunta, yana kwance koma, ragar kamun kifi. Yana hango ni ya tura jirginsa, ya yi cikin ruwa.

Maganar ba ta fi numfashi ɗaya ba: ba ka da ita. Amma mutum ashirin ne a gaɓar, duk sun san aikina, in na ɗaga murya na gama tona masa asiri. Na tsaya da takardar sakamakon a jaka ina ɗaga masa hannu, shi kuma yana ta tuƙi, bai juyo ba.