Facin Fatihu, Sunan Maitama

Ni ce na fara ganin matsalar, don haka kada wani ya zo yana ba ni labarin yadda aka yi. Sunana Debbie Yashim, 'yar Kafanchan, aikina gwaji a wani ƙaramin kamfani a garin Laurel, a Amurka. Muna haɗa allunan nan da ake ratayewa a gefen gadon majiyyaci, masu nuna bugun zuciya da numfashi. Kashin farko da aka kawo mana daga masana'anta lafiya lau. Kashi na biyu kuwa, duk wanda na kunna sai ya yi 'yan mintuna ya daskare. Manhaja ɗaya ce a cikinsu, sassa iri ɗaya, amma waɗannan suna aiki waɗancan suna barci.

Fatihu aka ba wa aikin. Teburinsa yana kusa da nawa, ɗan Zariya ne, mutum mai shiru-shiru har abin ya ba ka haushi. Mako uku ya yi yana bin wayoyi da madubin ƙara girma, abincin rana ma sai na yi masa tsiya yake tashi ya ci. A ƙarshe ya gano masana'anta sun juya waya ɗaya. Guntun na'urar da ke auna bugun zuciya yana aiko da alamarsa a kife, in ya ce ga saƙo sai allon ya ɗauka ya ce babu.

Gyaran ba a wayar yake ba, domin alluna dubu huɗu sun riga sun fito. Sai dai a manhaja. Allunanmu da tsarin manhajar Linux suke aiki, kuma a cikin zuciyarsa, wadda ake kira kernel, kowane sashe na na'ura yana da ƙaramar manhajar da ke magana da shi. Direba muke ce mata. Direban guntun awo bai san a kan wane allo yake ba, shi dai guntu yake gani. Wanda ya san allon shi ne direban da ke samansa, mai kula da hanyar da guntun yake maƙale. To ta yaya na sama zai gaya wa na ƙasa cewa wannan allon yana da murɗaɗɗen hali?

Sauran injiniyoyin suka ce a cusa jerin lambobin alluna a cikin direban ƙasa a wuce wurin. Fatihu ya ce a'a, gobe wani kamfani zai zo da tasa wayar a juye, jerin ba zai taɓa ƙarewa ba. Ya tsara yadda direban sama, a lokacin da yake tayar da na ƙasa, zai miƙa masa 'yar takardar bayani: wannan alamar a kife take, ka karanta ta a juye. Da ya yi min bayani sai na tuna mahaifiyata, ma'aikaciyar jinya, yadda ba ta barin asibiti sai ta gaya wa mai karɓarta halin kowane majiyyaci. Na gwada a kan alluna arba'in. Ko ɗaya bai daskare ba.

Yanzu ga abin da ya sa nake ba da labarin nan. Bizar aikin Fatihu saura wata goma ta ƙare, kuma ba za a ƙara masa ba. Yana da mata, Ilham, da 'ya ƙarama da aka haifa a nan. Lauyarsa ta ce hanya ɗaya ta rage, ya nemi takardar zama a matsayin ƙwararre, amma sai ya nuna aikin da mutanen waje suka karɓa da sunansa a kai. Shi kuwa gyara irin wannan, faci muke ce masa, in aka aika wa masu kula da Linux suka karɓa, sunan marubucinsa yana shiga tarihin manhajar har abada. Ba a gogewa, ba a canzawa. Na ce masa ga shi Allah ya kawo maka har gida.

Ranar da za a aika, na leƙa allonsa. A layin marubuci na ga sunan Injiniya Maitama.

Maitama shi ne shugaban sashenmu, dattijo mai furfura da tattausar murya. Shi ya kawo Fatihu kamfanin, kuma wata takwas Fatihu ya yi a ɗakin ƙasan gidansa a Mitchellville kafin ya kama nasa. Baba yake ce masa. Duk gudummawar Maitama a aikin nan ita ce wata rana a taro da ya ce a duba wayoyin.

Na tambayi Fatihu ko lafiyarsa ƙalau. Ya ce ai Baba ne ya ba da shawarar, kuma ba zai iya sa sunansa a sama na Baba yana ƙasa ba, mutane za su gani. Na ce waɗanne mutane, Turawan da ba su san Zariya daga Zambiya ba? Ya yi murmushi. Ya ce in Baba ya gani shi da kansa zai ce a mayar da sunan, haka ake yi, ƙarami ya miƙa, babba ya mayar masa. Nasa sunan ya sa shi can ƙasa, a layin waɗanda suka gwada, kusa da nawa.

Ya tura wa Maitama don ya duba. Minti ashirin aka yi, Maitama ya aika shi waje yadda yake. Ya fito daga ofishinsa ya dafa kafaɗar Fatihu ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Fatihu ya ce amin. Ni na ga yadda kunnuwansa suka motsa, amma bai ɗaga kai ba.

Mai kula da wannan sashe na Linux, wani Bature da ba mu taɓa gani ba, ya dawo da facin sau uku yana neman gyare-gyare. Duk amsoshin Fatihu ne ya rubuta, Maitama yana aikawa daga akwatin imel ɗinsa. Kowane zagaye dama ce ta gyara sunan. Kowane zagaye ina yi wa Fatihu magana, yana ce min sai an sami lokacin da ya dace, yanzu Baba yana fama da hawan jini, yanzu Baba zai aurar da 'ya. Na ce masa wallahi kunyarka za ta kore ka daga ƙasar nan. A zagaye na huɗu aka karɓa. Har wasu kamfanoni biyu suka ɗauki hanyar suka yi amfani da ita a nasu direbobin, suna yaba wa Maitama.

Lauya ta ce to, ko wasiƙa Maitama ya rubuta ya ce Fatihu ne ya yi aikin, zai ɗan taimaka. Fatihu ya yi kwana tara yana juya yadda zai roƙa. Ni na gaji na shiga ofishin Maitama da kaina, na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗa masa. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce ai Fatihu ɗansa ne, zai rubuta. Sai ya ƙara da cewa amma in sani shi ma ya sa hannu a gaban duniya cewa aikinsa ne, mutum mai shekarunsa ba zai dawo ya ƙaryata kansa a takardar gwamnati ba.

Wasiƙar ta fito shafi ɗaya da rabi. Fatihu ya ba ni na karanta a wurin ajiye motoci. An ce shi mutum ne mai ladabi da biyayya, ba ya latti, ba ya musu da na gaba da shi, kuma ya taimaka ƙwarai wajen gwajin wani muhimmin aiki da Injiniya Maitama ya yi. Raina ya ɓaci. Na tambaye shi me ya ce wa Maitama da ya karɓa.

"Na ce na gode, Baba."

Ba a ba shi takardar zaman ba. A watan Maris suka tattara suka koma Zariya. Maitama ne ya kai su filin jirgi a motarsa, aka ce min har da ƙwalla. Ni ban je ba, don na san bakina.

Bayan wata biyar wani injiniya daga wani kamfani ya rubuto a zauren masu Linux na intanet. Ya ce a nasu allon direban ƙasa yana tashi kafin bayanin ya iso gare shi, ya ake yi? Ga marubucin facin, wato Maitama, ya aika tambayar, kamar yadda aka saba. Kwana biyu tambayar tana zaune ba amsa. A rana ta uku Maitama ya zo teburina, ya tsaya yana gyaran murya, ya ce layin Fatihu na da ba ya shiga, ko ina da sabon.

Na ce ba ni da shi. Ina da shi, ranar ma da safe mun yi magana da Ilham.

Da aka tashi hutun rana na fita waje na kira Fatihu, ina jin daɗin kaina, na ba shi labari duka, har da yadda Maitama ya tsaya yana shafa gemu. Na ɗauka zai yi dariya, ko sau ɗaya a rayuwarsa ya ce Allah ya ƙara. Ina jin kukan janareto ta bayansa. Sai ya tambaye ni ko allon wancan kamfanin ma na asibiti ne. Na ce eh, na ɗakin jarirai.

Ya ce, "Turo min tambayar. Ki ce wa Baba zuwa jibi zan aiko masa."